Haɗin Ciwon Baya

"Ɗaga masa kai, kada aman ya sarƙe shi," in ji Surajo, idonsa a kan titi, hannunsa yana ta danna hon.

Mashkura ta tallafo kan mijinta ta ɗora a cinyarta. Babu sauran abin da zai amayar, sai yunƙuri kawai da wani ruwa kore-kore da ke gangarowa ta gefen bakinsa. Ta sa gefen hijabinta ta share. Goshinsa sanyi ƙalau kamar gindin randa, ga gumi ya jiƙa masa riga. Ta kira sunan da take kiransa da shi a gida.

"Baban Juwaira. Baban Juwaira, kana ji na?"

Yamusa ya buɗe ido, ya dube ta kamar mai son tuna inda ya san ta, ya sake rufewa.

Sun baro Dei-Dei tun wajen ƙarfe takwas, amma wata motar katako ta lalace a tsakiyar hanya, motoci sun yi cirko-cirko. Surajo, ƙanin Yamusa, wanda ya bar shagonsa na kwanon rufi a buɗe ya taho da gudu lokacin da ta kira shi, ya sauke motar gefen titi yana bin turɓaya, yana leƙo kai yana cewa, "Mara lafiya ne, don Allah, mara lafiya ne!"

"Tun yaushe yake haka?" ya tambaye ta ba tare da ya waiwayo ba.

"Shekaranjiya ya fara amai."

"Shekaranjiya? Kuma sai yau za ki kira ni?"

Ta san abin da ya hana ta kira, kuma ba abin da za ta faɗa wa Surajo ba ne.

Yamusa direban tirela ne, yana ɗaukar siminti da rodi daga kasuwar kayan gini zuwa Lafiya da Makurɗi, wani lokaci har Lakwaja. Da ta aure shi siriri ne, har ƙawayenta suna tsokanarta wai iska za ta ɗauke mata miji. Shekara biyu da suka wuce ya fara ƙiba. Fuska ta cika ta yi zagaye, tumbi ya fito, bayan wuya ya tara tsoka. Da suka je Malumfashi da sallah kowa sai ya ce, "Yamusa, Abuja ta karɓe ka." Surukarta ta dafa ta ta ce girkinta ne, ita kuma ta sunkuyar da kai tana jin daɗi.

Daga baya ta gano ledar. Baƙar leda ce a can ƙasan jakar tafiyarsa, cike da ƙananan ƙulli, kowane ƙulli da ƙwayoyi biyar: ja, rawaya, shuɗiya, da farare biyu, ɗaya 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar gero. Ya ce haɗin ciwon baya ne, wani mai kemis a bakin tasha yake haɗa wa direbobi, in ba shi ba ba ya iya zaman awa goma a kan sitiyari. Ta yarda, ko kuma ta yi kamar ta yarda. Amma ta ga yadda ya daina barci sosai, yadda abu kaɗan yake fusata shi, mutumin da a da sai ta yi da gaske take jin muryarsa. A watan jiya kuma wani direban kamfaninsu ya afka wa motar fasinja, aka ce ƙwaya ce, aka kore shi, aka tsare shi, matarsa ta kwashe yara ta koma gida. Tun daga ranar Mashkura ba ta sake kallon jakar nan hankalinta kwance ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce, da aka kai tirelarsa Apo gyaran giya aka ce sai ta yi mako guda, ta ga dama ta samu. Ta ɗauki ledar ta juye a masai. Ya neme ta, ya zazzage jaka, ya ɗaga katifa, ta ce ita ba ta gani ba. Kwana biyu yana fama da kasala. Ranar Talata ya fara amai da ciwon ciki, ko koko ba ya zama. Ta taɓa ji a rediyo cewa haka masu barin ƙwaya suke yi, jiki yakan wahala kafin ta fita. Saboda haka ta yi ta ba shi ruwa tana cewa a ranta, saura kaɗan. Yau Alhamis da safe ya tashi zai kama ruwa, ya zube a bakin ƙofa da buta a hannu.

A ƙofar sashen gaggawa na asibitin, ma'aikata biyu suka ɗora shi a gadon da ake turawa. Surajo ya tafi yankar kati. Mashkura ta bi gadon, takalminta ɗaya ya fita ba ta tsaya ɗauka ba. Aka shiga da shi bayan wani koren labule, wata nas ta ɗaura masa abin awon jini a damtse, ta matsa, ta duba, ta sake matsawa.

"Likita," nas ɗin ta kira da ƙarfi. "Saba'in bisa arba'in."

Mashkura ba ta san ma'anar lambobin ba, amma ta ga yadda likitar ta ajiye fayil ɗin da ke hannunta ta taho da sauri. Mace ce doguwa, da tabarau a rataye a wuya, an rubuta Felicity a aljihun farar rigarta. Ta taɓa wuyan hannunsa, ta buɗe idonsa, ta ce a huda yatsa a duba sukari, a kuma sa masa ruwa a hannu biyu. Sannan ta juyo.

"Ke ce matarsa?"

"Ni ce."

"Yana da ciwon sukari? Hawan jini? Gyambon ciki?"

"Ba shi da ko ɗaya."

"Yana shan wani magani? Ko na asibiti, ko na kemis, ko na gargajiya?"

Daidai lokacin Surajo ya ɗaga labule ya shigo da kati a hannu. Mashkura ta dube shi, ta dubi nas ɗin da ke rubutu. Duk abin da aka rubuta a takarda ba ya gogewa. Zai je kamfani, zai je Malumfashi, a ce ɗan Malam liman ɗan ƙwaya ne. Wataƙila ma asibiti su kira hukuma.

"Ba ya shan komai," ta ce.

Likitar ta juya. Ta koma kan Yamusa. Aka kawo sakamakon sukari, ya yi ƙasa, aka ɗura masa wani ruwa a sirinji. Ledar ruwa ta farko ta kusa ƙarewa, nas ta sake aunawa ta girgiza kai. Mashkura tana tsaye jikin bango. A gadon da ke kusa wata tsohuwa tana nishi, can gefe wani yana waya yana cewa a zo da likkafani daga gida. Ta toshe kunne ɗaya da yatsa tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Likita Felicity ta ɗage rigar Yamusa don ta danna cikinsa, sai ta tsaya. A gefen tumbin akwai zane-zane masu faɗi, ja da duhu-duhu, kamar nankarwar mai tsohon ciki. Ta duba damatsansa, ga tabon taruwar jini nan da can. Ta janye wando zuwa gwiwa, ƙafafun sirara kamar ba su ne ke ɗauke da wannan jikin ba. Ta daɗe tana kallon fuskarsa.

"Malam," ta ce da Surajo, "ɗan ba mu wuri."

Da ya fita, ta matso kusa da Mashkura har suna jin numfashin juna, ta rage murya.

"'Yar'uwa, saurare ni. Ni ba 'yar sanda ba ce, kuma ba ruwana da wurin aikinsa. Ruwan da muke sa masa ba ya ɗaga jininsa, kuma ina zargin na san dalili. Wannan ƙibar ba ta abinci ba ce. In na yi kuskure zan ɓata lokaci ina neman abin da babu, shi kuma ba shi da lokacin. Me yake sha?"

Mashkura ta dubi ƙirjin mijinta yana ɗagawa sama-sama.

"Ya daina," ta ce da ƙyar. "Wallahi ya daina. Kwana shida ke nan."

"Ya daina me?"

Sai maganar ta ɓalle mata gaba ɗaya, ba kai ba gindi: ledar, ƙullin, mai kemis, shekara biyu, masai. Likitar ba ta bari ta ƙarasa ba. Ta zaro waya ta nuna mata hoton wasu ƙwayoyi a tafin hannu.

"Akwai irin wannan 'yar ƙaramar fara a ciki?"

"Akwai. Kowane ƙulli da ita."

"Kullum yake sha?"

"Safe da yamma in yana kan hanya."

Likitar ta juya ta yi wa nas magana da Turanci cikin sauri. Mashkura ta tsinci kalma ɗaya da aka maimaita sau biyu, haidirokotizon. Nas ta fita a guje. Likitar da kanta ta ɗebi jini a wata 'yar kwalba, ta rubuta lokaci a jiki.

"Wannan na gwaji ne," ta ce. "Dole in ɗiba kafin allurar ta shiga, in ba haka ba gwajin ba zai nuna gaskiya ba. Amma ba zan jira sakamako ba."

Nas ta dawo, aka haɗa garin maganin da ruwa, aka tura ta jijiyar hannunsa. Mashkura ta zuba ido tana jiran ya motsa. Bai motsa ba.

"Ba nan take ba," in ji likitar. "Zauna kada ki faɗi."

Ta zauna a bakin wani benci na ƙarfe. Likitar ta tsuguna a gabanta.

"A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka, ba ta kai babban yatsa ba. Aikinta ta fitar da wani sinadari da ke riƙe jinin mutum da sukarinsa, musamman in jiki ya shiga wahala. Wannan 'yar farar ƙwaya irin sinadarin ce. Ba ta bugarwa, ba ƙwayar maye ba ce, tana kashe ciwo ne da kumburi. Amma in mutum ya daɗe yana sha, tsokar nan sai ta ga an ɗauke mata aiki, ta kwanta. Ranar da aka tsayar da ƙwayar lokaci ɗaya, babu na waje, babu na ciki. Shi ne abin da kike gani."

"Wato ni ce."

"Wanda ya ƙulla ta a leda ya sayar ba tare da bayani ba, shi ne farko. Barin ta daidai ne. Sai dai a hankali ake bari, wata da watanni, ana awon jini."

Labulen ya motsa. Ashe Surajo bai yi nisa ba. Ya shigo idanunsa jawur.

"Kin zubar masa da magani? Kika zauna kina kallonsa kwana uku yana amai? Da ya mutu a ɗakin nan me za ki ce wa Inna?"

Mashkura ta sa fuska a tafin hannu. Tambayar da take yi wa kanta ke nan tun a mota.

"Malam, ba nan ne wurin faɗa ba," in ji likitar. "In kana son taimako, ka san kemis ɗin? Ina son ƙulli ɗaya in ga sauran abin da ke ciki."

Surajo ya dubi yayansa, ya shafa gemu, muryarsa ta sauka.

"Na san shi. Ni na kai shi wurin, lokacin da bayansa ya riƙe. Rabin direbobin tashar nan shi suke sha."

"To su ma kada wanda ya tsayar kai tsaye. Akwai wanda kuka sani da ya bari kwanan nan?"

Mashkura ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba.

Margaret. Maƙwabciyarta ce a gidan haya, ƙofarsu na kallon juna, mijinta Thaddeus, Baban Simon, shi ma direba ne a kamfani ɗaya da Yamusa. Ranar Lahadi da yamma suna wanki a bakin famfo, Mashkura ta ba ta labarin abin da ta yi, har da ɗan alfahari. Margaret ta tafa hannu ta ce ita ma abin ya daɗe yana cinta, gobe-gobe za ta yi maganin nata. Thaddeus kuwa jiya da asuba ya tashi da lodin rodi zuwa Lafiya.

Mashkura ta kira Margaret, sai da ta yi kuskuren lamba sau biyu.

"Maman Juwaira! Yaya jikin oga? Juwaira yana wurina, ya ci abinci, kar ki damu," in ji Margaret da irin Hausarta.

"Margaret, maganin Baban Simon. Kin zubar?"

"Tun Monday. Na ƙone shi ma da shara. Me ya faru?"

"Ina yake yanzu?"

"Yana hanyan dawowa. Ya kira ni da safe, ya ce jiki ba ƙarfi, ya yi amai sau biyu, maleriya ne. Ya ce zai huta kaɗan a Uke kafin ya shigo. Maman Juwaira, me ya faru? Muryanki ba daidai ba."

Mashkura ta miƙa wa likitar wayar. Likita Felicity ta saurara, ta yi tambaya biyu, ta ce a turo lambar mutumin yanzu-yanzu. Mashkura tana tsaye tana ganin abin a idonta: tirela mai taya goma sha takwas tana gangarowa Mararraba a cikin cunkoson rana, masu talla a tsakanin motoci, 'yan acaɓa, da mutumin da ke kan sitiyari idonsa yana rufewa kamar yadda na Yamusa ya rufe a cinyarta.

Lambar ta shigo. Likitar ta kira ta sa a lasifika. Ta yi ta ƙara har ta yanke. Ta sake kira. Ta yanke. Surajo yana ta "Innalillahi" a hankali. A kira na uku aka ɗauka, muryar mace ce, ga ƙarar motoci a bayanta.

"Halo? Mai wayan yana kwance fa."

"Wace ce ke? Ina yake kwance?"

"Ni mai abinci ne a nan Uke. Ya faka mota ya sayi tuwo bai ci ba, ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota. Na ga waya yana ta kuka shi ne na ɗauka."

Mashkura ta koma kan bencin ta zauna. Aƙalla motar a tsaye take.

"Mama, ni likita ce daga Abuja. Taɓa shi. Yana magana?"

Aka ji takun silifa, aka ji matar tana cewa, "Oga direba, oga direba." Wata murya ta amsa can ƙasa-ƙasa, ba a gane me ta ce ba.

"Yana magana amma kamar mai maye. Jikinsa sanyi."

"Kada ki bar shi ya hau motar nan ko ya roƙe ki. Ki cire makullin in kin gani. Ki samo mutane su sa shi a mota zuwa babban asibiti a Keffi, ya fi kusa da ku. Zan turo saƙo a wannan wayar, ki nuna wa likitan da ya fara ganinsa, ki ce ya kira ni. Kin ji? Ba maleriya ba ce. In aka yi jinkiri zai iya mutuwa."

"Yesu! To, to. Bari in kira 'yan yuniyon na direbobi."

Wayar ta yanke. Likitar ta rubuta saƙon da sauri ta tura, ta mayar wa Mashkura wayarta, ta koma kan Yamusa kamar ba abin da ya faru. Surajo ya fita neman ƙullin maganin. Aka bar Mashkura a kan bencin ƙarfe, ido ɗaya a kan labule, ɗaya a kan waya.

Ba ta taɓa ganin rana mai tsawon wannan ba. Margaret ta kira tana kuka, ta ce ta bar Juwaira wurin matar mai gida, ta hau mota zuwa Keffi. Ba ta zarge ta ba, kuma hakan ya fi zagi ciwo. Mashkura ta yi ta lissafin abin da za ta ce in aka kira aka ce Thaddeus ya cika a hanya. Yaransa uku. Wa ya aike ta ba da shawara? Ita da ko aji uku na sakandare ba ta gama ba, ta mayar da kanta likitar gida biyu. Duk sanda nas ta shiga bayan labule da abin awo, sai ta riƙe numfashi har ta fito.

Wajen sha biyu nas ɗin ta leƙo ta ce, "Tamanin da biyar." Bayan azahar ta ce, "Casa'in da biyar bisa sittin. Madam, je ki yi salla, mijinki yana dawowa."

Ta yi sallar a wani lungu kusa da ɗakin shan magani, da takalmi ɗaya a gefenta. A sujada ta ƙarshe ta daɗe ba ta ɗago ba. Tana sallamewa waya ta yi ƙara. Margaret ce.

"Sun yi masa alluran. Likitan ya karanta message, ya kira doctor naku. Yanzu ya buɗe ido yana tambaya wa zai kula da lodi, wai motan kamfani ne." Ta yi dariya mai haɗe da kuka. "Na ce masa lodi ya ci wuta."

"Margaret, ki yafe min."

"Ni da hannuna na ƙone. Bar wannan magana, mu gode Allah."

Kafin la'asar aka mayar da Yamusa ɗakin maza, gado na huɗu daga ƙofa. Surajo ya dawo da ƙulli biyu, likitar ta baje su a kan takarda tana ware su da bakin biro, ta nuna musu 'yar farar. Ta ce sakamakon jinin sai gobe, amma yadda jikinsa ya amsa allurar ya riga ya ba ta amsa. Zai kwana uku ko huɗu ana yi masa allura, daga nan a mayar da shi kan ƙwaya, irin wadda jiki ya saba da ita amma a ƙayyade, ana ragewa kaɗan-kaɗan. Lokaci-lokaci zai zo da sassafe a ɗebi jini a ga ko tsokar ta farka. Za a rubuta masa kati ya riƙa yawo da shi a aljihu, kuma duk ranar da ya yi zazzaɓi ko amai, ba jira, asibiti. Bayan nasa ma za a duba shi yadda ya kamata. Surajo ya saurara kansa a ƙasa, sannan ya ce zai je tasha ya sami shugaban direbobi tun kafin magariba. Da zai fita ya tsaya kusa da Mashkura kamar zai ce wani abu, sai ya ce, "Zan taho miki da takalmi," ya wuce.

Ta jawo kujerar roba ta zauna. Yamusa yana barci, amma barcin mutane, numfashi a hankali, goshi da ɗumi. Ta yi ta shirya maganar a ranta. Za ta fara da cewa tsoro ne ya sa ta. A'a, za ta fara da neman gafara. In ya ce ta tafi gidansu fa? Yana da gaskiya.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya buɗe ido. Ya dubi silin, ya dubi ledar ruwan, ya dube ta.

"Maman Juwaira."

"Na'am. Sannu. Sannu, Baban Juwaira."

Ta ba shi ruwa a murfin kwalba, ya sha, ruwan ya zauna masa. Ta faɗa masa inda yake da abin da likita ta ce, tana kewaye-kewaye. Can ta zo wurin da ba makawa.

"Ledar nan da ka yi ta nema…"

"Na gan ki ai."

Ta ɗago.

"Ranar Juma'ar. Ta taga na hango ki kin nufi bayan gida, hannunki a cikin hijabi."

"To me ya sa ka yi ta zazzage jaka?"

"So nake ki faɗa da bakinki." Ya ɗan huta, ya lashi leɓe. "Da kika ce ba ki gani ba, na gane abin da kika ɗauke ni. Kemis ɗin ga shi nan bakin tasha, ba nisa. Sau biyu ina sa takalmi. Sai na ce in na je, na tabbatar miki ni ɗan ƙwaya ne. Na ce bari in daure ki gani."

Mashkura ta kife kai a bakin katifar. Kukan da ta riƙe tun safe ya zo, ba sauti, kafaɗunta kawai ke rawa. Ya ɗora hannun da ba allura a kan hijabinta ya bar shi a nan. Mutumin gado na uku ya juya fuska bango.

Can ya ce, "Wai likitar cewa ta yi sai na ci gaba da sha?"

Ta share ido. "Har sai ta ce a bari. Kuma ba a tsallake ko rana ɗaya."

"To ke za ki riƙe. Ke za ki riƙa ba ni, in zan yi tafiya ki ƙirga min. Ni na gaji da ɓoye leda."

Ta buɗe baki za ta ce a'a, a ba Surajo, a ba kowa ban da ita. Yana kallonta yana jira.

"To," ta ce.